TARIHIN KALLON ƘWALLO A TALABIJIN: DAGA ERIYAR GORA ZUWA WAYAR DA KE HANNUNKA



Yau ba saitin waya za mu yi ba, tarihi za mu taɓa, amma tarihin da ya shafi aljihunka da datarka. Ka taɓa zama kana kallon wasa a waya, ƙwallo tana tsakiyar fili, sai kawai ka ji gidan kallon da ke bayan layinku ya ɓarke da ihu? Kai kuma sai bayan rabin minti ka ga an zura ta. Mutane da yawa suna ɗauka wayar ce ta samu matsala, har su kawo ta gyara, alhali lafiyarta lau. Dalilin yana cikin hanyar da hoton ya biyo kafin ya iso gare ka, kuma wannan hanya an kusa shekara 90 ana gina ta. Biyo ni a hankali ka ji yadda aka faro.

GIDAN KALLO NA FARKO A JAMUS YAKE

Babban wasan da aka fara nunawa kai tsaye a talabijin shi ne gasar Olamfik ta birnin Balin a 1936, wadda baƙar fatar Amurka Jesse Owens ya ci zinare huɗu. A lokacin kusan babu mai akwatin talabijin a gidansa. To me suka yi? Sai hukumar gidan waya ta Jamus ta buɗe ɗakunan kallo sama da 20, mutane su shigo su zauna su kalli akwati ɗaya. Sama da mutum dubu ɗari ne suka kalli gasar ta haka. Hoton dishi-dishi ne, baƙi da fari, babbar kyamarar kuma tsawonta ya kai mita biyu. Ka ga ke nan abin da muke yi a gidan kallo yau da shi aka fara.

Ƙwallon ƙafa kuwa BBC ce ta fara haska shi, ranar 16 ga Satumba 1937, kuma wasan gwaji ne tsakanin Arsenal da 'yan bencinta a filin Highbury. 'Yan Arsenal sai ku riƙe wannan, ko ba komai kuna da abin tutiya a majalisa. Gasar Cin Kofin Duniya kuma sai a 1954 aka fara nuna ta, a ƙasar Suwizalan.

Matsalar da ta addabi injiniyoyin wancan zamani ita ce nisa. Siginar talabijin miƙewa take yi kamar hasken tocila, ba ta lanƙwasa ta bi bayan dutse. Rediyon gajeren zango kuwa siginarsa tana tashi sama ta dawo ƙasa a wata nahiya. Shi ya sa kakanninmu suka daɗe suna sauraron Rediyon Kaduna da sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, kafin su taɓa ganin hoto mai motsi a akwati. Kai ko Turai ba ta tsira ba. Da aka yi Kofin Duniya na 1962 a Chile, ɗaukar wasan ake yi a fim, a saka a jirgin sama, sai bayan kamar kwana biyu mutanen Ingila su kalla.

YADDA ABIN YA ISO NAJERIYA

Ranar 31 ga Oktoba 1959 gwamnatin Yamma ta Obafemi Awolowo ta buɗe WNTV a Ibadan, tashar talabijin ta farko a ƙasar nan. Gabas ta buɗe tata a Inugu a 1960. Arewa kuma, zamanin Sardauna, ta buɗe talabijin na Rediyon Kaduna a 1962. A tsakiyar shekarun 1970 tashar Binuwai-Filato da ke Jos ta riga kowa fara nuna hoto mai kala. Daga nan gwamnatin soja ta haɗe tashoshin duka ƙarƙashin hukuma ɗaya a 1977, ita ce NTA.

Mu nan Zuru a lokacin muna ƙarƙashin Sakkwato ne, don sai 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiri jihar Kebbi. Ga nisa tsakaninmu da manyan biranen da ke da tasha, ga kuma duwatsu sun kewaye mu. Tambayi babanka ko kawunka yadda ake yi. A samo gora mafi tsawo a ɗaura eriya a kai, yaro ɗaya yana waje yana juyawa, na cikin ɗaki suna ɗaga murya suna faɗa masa ya yi ko bai yi ba. In babu wuta a jona batirin mota. Sau da yawa hoto ya tafi ya bar yayyafi a fuskar akwati, sai a koma wa rediyo a ji sharhin su Ernest Okonkwo.

Da irin wannan wahala mutane suka bi wasan ƙarshe na Kofin Afirka ranar 22 ga Maris 1980, lokacin da Green Eagles suka ci Aljeriya 3 da nema a Surulere. Segun Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ɗaya, Shugaba Shehu Shagari ya miƙa kofi.

TAURARON ƊAN ADAM YA KARYA NISA

Maganin nisa shi ne a ɗaga eriyar sama inda babu dutsen da zai tare ta. Abin da tauraron ɗan adam yake ke nan, eriya ce a sararin samaniya. Kuma ka san cewa Najeriya tana cikin tarihin farko na wannan fasaha? A Agustan 1963 Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana da Shugaban Amurka John Kennedy ta tauraron Syncom 2, ta hanyar wani jirgin ruwan Amurka da aka girke a gaɓar Legas. Ita ce hira ta farko tsakanin shugabanni biyu ta tauraro. Shekara ɗaya bayan haka, a 1964, ƙaninsa Syncom 3 ya ɗauko hoton Olamfik daga Tokyo ya tsallaka da shi teku zuwa Amurka.

Ga dabarar. In aka ajiye tauraro a nisan kilomita 35,786 a saitin tsakiyar duniya, zai riƙa zagaye duniya sau ɗaya a yini, daidai da juyawar ita duniyar. Kai da ke ƙasa sai ka ga kamar a tsaye yake wuri ɗaya. Shi ya sa ake ɗaure dish da noti a bar shi, kuma shi ya sa in iska ta ɗan gusar da shi komai ya ɗauke. Najeriya ta buɗe babbar tasharta ta karɓar saƙon tauraro a Lanlate, kusa da Ibadan, a 1971. Ta irin wannan tasha hoton waje yake sauka, NTA ta rarraba wa jihohi.

Tun daga nan talabijin ya fara juya wasa yadda yake so. A Kofin Duniya na 1970 a Meziko, wanda aka fara nunawa da kala, an sa 'yan wasa buga wasu wasanni da tsakar rana cikin zafi don ya dace da yammacin Turai. Ƙwallon nan mai zanen baƙi da fari da kowa ya sani, ta Adidas mai suna Telstar, an yi ta haka ne don ta fito sosai a akwatin da ba shi da kala. Damben Muhammad Ali da George Foreman a Kinshasa, ranar 30 ga Oktoba 1974, da misalin ƙarfe huɗu na asuba aka fara shi, don a Amurka lokacin dare ne na kallo. Wato mai biyan kuɗi shi ke tsayar da lokaci, ko da a ƙasarka ake wasan.

Maimaicin da muke gani yanzu kamar ba komai ba, shi ma yana da ranarsa. Tashar CBS ta Amurka ce ta fara shi ranar 7 ga Disamba 1963, da wata na'ura da nauyinta ya wuce rabin tan. Sai da mai sharhi ya yi wa jama'a bayani cewa ba sake ci aka yi ba, abin da ya wuce ne ake nuna musu.

Wannan zamani na NTA da tauraro shi ya ba mu manyan dararenmu. Ƙwallon Rashidi Yekini a ragar Bulgeriya a 1994, da ya kama raga yana kuka. Sai Atlanta 1996, da Burazil ta yi gaba 3 da 1, Kanu ya farke ya kuma ci ta zinare aka tashi 4 da 3, sannan aka doke Ajantina 3 da 2 a wasan ƙarshe. A tawagar akwai 'yan Kaduna, irin su Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal. Duk kyauta aka kalla, mai eriya da wuta kawai.

SAI KUƊI YA SHIGO

Shekarar 1992 ta canza komai, can da nan. A Ingila aka kafa gasar Firimiya, kamfanin Sky ya shiga yarjejeniyar fam miliyan 304 ta shekara biyar, wasa ya koma na mai biya. A Najeriya kuma gwamnatin Babangida ta fitar da doka ta 38 wadda ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, aka kafa hukumar NBC. MultiChoice ta shigo a 1993, DStv ya fara aiki a 1995.

Abu biyu ne suka sa hakan ya yiwu. Na farko kulle hoto. Tauraro yana zubo sigina a kan kowa, kan rufinka ma tana sauka yanzu haka, amma a hargitse take, sai dikoda mai katin da aka biya wa kuɗi yake da makullin warware ta. Na biyu matse hoto. Bidiyo hotuna ne 25 ko 50 a daƙiƙa ɗaya. Maimakon a turo kowane hoto cikakke, sai a turo ɗaya, a biyo shi da bayanin abin da ya canza kaɗai. Mai karanta labarai yana zaune ne, abin da ke canzawa kaɗan ne. Amma a ƙwallo kyamara tana gudu, 'yan wasa suna gudu, ciyawa da 'yan kallo duk suna motsi. Shi ya sa ƙwallo ta fi komai cin data, kuma shi ya sa in sabis ya yi rauni hoton ke farfashewa gida-gida.

Manyan dish na da, masu kama da rumfa, suna aiki ne da zangon da ruwan sama bai cika damunsa ba. Ƙananan na yanzu suna kan zango mafi gajarta, wanda ɗigon ruwa ke shanye ƙarfinsa. Dalilin ke nan da hadari yana haɗowa a watan Agusta sai hoto ya tsaya cak, ko da kuɗinka bai ƙare ba.

Tunda ba kowa ke iya sayen dikoda da biyan kuɗin wata da zuba wa janareta mai ba, sai aka koma dabarar Balin. Mutum ɗaya ya saya, ya kafa rumfar kwano, ya jera benci, ya rubuta wasannin ranar da alli a allo, kowa ya biya kuɗin ƙofa. Daga Rikoto zuwa Dabai, daga Ribah zuwa Mahuta, haka yaran da ba su taɓa zuwa Legas ba suka haddace sunayen 'yan benci na Chelsea.

Kasuwar ba ta da tausayi. A 2007 wani kamfanin gida mai suna HiTV ya ƙwace haƙƙin nuna Firimiya daga hannun DStv, masu gidan kallo suka ruga suka sayi dikodarsa. Zuwa 2011 kamfanin ya durƙushe, akwatunan suka zama tarkace. StarTimes ya shigo a 2010 tare da haɗin gwiwar NTA, GOtv a 2011, duka da nufin kama mai ƙaramin ƙarfi. Yau yarjejeniyar nuna Firimiya a cikin Birtaniya kaɗai, ta 2025 zuwa 2029, fam biliyan 6.7 ce, ban da abin da ƙasashen waje ke biya. Kamfanin da ke nuna maka da kuɗin waje yake sayen haƙƙin, kai kuma da naira kake biya. Duk ranar da naira ta faɗi, ka saurari ƙarin kuɗin wata, mai gidan kallo kuma ya ƙara na ƙofa. Wato wani ɓangare na albashin ɗan wasan da kake zagi in ya ɓarar da ƙwallo, daga 'yan canjin da ka miƙa a ƙofa ya fito.

Kuma gidan kallo ya sha jini. A Yunin 2014 bam ya tashi a wani gidan kallo a Damaturu ana kallon Burazil da Meziko. A Afrilun 2017 babbar wayar lantarki ta tsinke ta faɗo kan rufin kwanon wani gidan kallo a Kalaba ana kallon Manchester United, mutane suka rasu. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Masu gidajen kallo, don Allah a guji kafa rumfa ƙarƙashin babbar waya, a fitar da janareta waje saboda hayaƙi, a kuma bar ƙofar fita fiye da ɗaya.

KYAMARA TA ZAMA ALƘALI

An shafe shekaru na gida yana ganin abin da alƙalin wasa bai gani ba. Abin ya kai maƙura a Kofin Duniya na 2010 a Afirka ta Kudu, da ƙwallon Frank Lampard ta tsallake layi a wasan Ingila da Jamus, duniya duka ta gani a maimaici, alƙali ya ce a ci gaba. Bayan wannan aka kawo fasahar layin raga. Kyamara bakwai ke kallon kowace raga, in ƙwallo ta shiga agogon hannun alƙali ya yi gir cikin daƙiƙa ɗaya. Firimiya ta fara amfani da ita a 2013, Kofin Duniya a 2014.

VAR kuma a Rasha 2018 ya shiga Kofin Duniya, kuma mun ɗanɗana shi. A wasan da Ahmed Musa ya ci Ayisilan biyu, da VAR aka ba su fenareti, Allah ya sa Sigurdsson ya ɗaga ta sama. A Katar 2022 aka ƙara gaba, kyamara 12 a ƙarƙashin rufin fili suna bin wurare 29 a jikin kowane ɗan wasa, sau 50 a daƙiƙa, don gano satar gida. Ita kanta ƙwallon akwai na'ura a cikinta da ke turo bayani sau 500 a daƙiƙa, irin na'urar da ke gane ka juya wayarka a kwance. Kuma kafin wasa sai an yi mata caji, kamar dai wayarka.

YANZU FILIN YA DAWO ALJIHU

Wayar salula ta fara aiki a Najeriya a 2001 da Econet da MTN, lokacin ko hoto ba ta turawa. A 2010 manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, Main One da Glo-1, suka fara aiki a Legas. Daga nan 4G, har 5G a 2022. Wani ɓangare na zangon da 4G ke hawa ma daga tsohon talabijin na eriya aka karɓo shi, bayan an fara komawa tsarin dijital, wanda aka ƙaddamar a Jos a 2016.

To ga amsar tambayarmu ta farko. Hoton dish yana tashi sama ya sauko, tafiyar kimanin kwata na daƙiƙa, a ƙara 'yan daƙiƙu na matsewa da warwarewa. Na waya kuwa sai an yanyanka shi gutsi-gutsi, kowane gutsure daƙiƙa biyu zuwa shida, a ajiye a manyan kwamfutoci, ya biyo wayar teku zuwa Legas, ya hau zuwa Arewa, ya iso ƙarfen sabis na unguwarku. Wayarka kuma ba za ta fara nunawa ba sai ta tara gutsure biyu ko uku a ajiye, don kada hoton ya riƙa tsayawa. Wannan tarin shi ne rabin minti ko minti ɗayan da kake baya. Masu caca a kan wasa yana gudana su lura, kamfanin yana samun labari daga bakin fili kafin hoton ya iso maka, abin da kake kallo ya riga ya wuce.

Ga 'yan shawarwari kafin wasan ƙarshen mako:

1. Sauke ƙarfin hoto zuwa 480p. A fuskar waya ya isa. Wasa ɗaya da hutunsa kusan awa biyu ne, zai ci maka kimanin 1GB zuwa 1.5GB, ya danganta da manhaja. A 720p ka shirya ninki biyu, 1080p kuwa sai mai hali.

2. Kashe sanarwar manhajojin sakamako da ta WhatsApp, in ba haka ba za su faɗa maka an ci kafin ka gani.

3. Kada ka daɗe kana kallo waya tana kan caji a cikin riga mai kauri. Zafi ne babban abin da ke kumbura batir. Yi caji kafin wasa, ka cire rigar.

4. Yi hattara da manhajojin kallon ƙwallo kyauta da ake turowa a guruf. In manhajar kallo ta nemi izinin karanta saƙonninka ko lambobin mutanenka, goge ta nan take. Ta saƙon tes banki ke turo maka lambar sirri, kuma wayoyi da yawa da ke zuwa teburin gyara cike da tallan da ba ya rufuwa, daga nan suka ɗauko.

NAMU WASAN FA?

Ka lura da abu ɗaya a duk tarihin nan: wasan da kyamara ta ɗauka shi ke samun kuɗi da suna. Maƙwabtanmu na Nijar sun gane haka. Tun 1975 suke gasar kokawa ta neman takobi, kuma Télé Sahel tana nuna ta kai tsaye, shi ya sa yaro a Maraɗi ya san Issaka Issaka na Dosso kamar yadda ya san Messi. Dambe ma da ya hau YouTube, mutanen da ba su jin Hausa sun fara kallonsa.

Mu kuma ƙasar Zuru an san mu da kokawa tun kaka da kakanni, ga bikin Uhola, ga gasannin ƙwallo na unguwanni. Gwanaye nawa ne suka yi zamaninsu suka wuce, babu ko minti ɗaya na bidiyonsu da jikokinsu za su kalla? Wayar da ke hannunka ta fi waccan kyamarar Balin mai mita biyu nesa ba kusa ba. In za ka ɗauka, kwantar da wayar kada ka tsayar da ita, ka sa rana a bayanka, ka jingina hannu da wani abu don kada hoto ya yi rawa. Kafin a fara, faɗi kwanan wata da sunan gari da sunayen masu karawa da bakinka. In ka gama ka ɗora a YouTube ko Google Drive, don waya tana faɗawa ruwa, memori yana mutuwa.

A darasi na gaba in Allah ya yarda za mu nuna yadda ake haska wasa kai tsaye a Facebook da waya ɗaya ba tare da data ta ƙare a rabin lokaci ba. Ku tura wa abokan kallonku, Allah ya sa mu amfana.